Famfon Alwala a Ɗakin Inji

Mahaifina bai taɓa zaunar da ni ya koya mini aikin inji ba. Abincin rana nake kai masa, daga gidanmu da ke gangaren da ake kira Ladeira da Praça zuwa ƙasan gari, bakin tashar jiragen ruwa, kuma ni ba makauniya ba ce. Shi ke hura wutar injin tururi a wani sito inda ake matse ganyen taba. A matsayin bawa aka kawo shi wannan ƙasa ta hayin teku, ya fanshi kansa tun kafin a haife ni, ya sa ni makarantar 'yan mata har na iya karatun Fotugis, harshen Turawan garin, amma shi kullum yana gaban tukunyar ƙarfen nan, baƙi ƙirin da kwal.

Sha'anin tukunyar ba wuya. Wuta a ƙasa, ruwa a ciki, da ɗan gilashi a gefe mai nuna inda ruwan ya tsaya. Muddin ruwa ya rufe ƙarfen, lafiya lau. In ya janye, ƙarfe ya yi ja. Bututu ɗaya ke kawo ruwan daga tankin kan rufi, a jikinsa kuma akwai ƙaramin famfo wanda ba ya zuba sosai sai an rufe hanyar tukunya.

A wannan famfon Musulmin da ke dako a tashar suke alwala. Tun boren da Musulmi suka yi a garin shekarun baya, ganin mutum yana wanke ƙafa da azahar ya isa a kira masa 'yan sanda, a zane shi, ko a jefa shi jirgi a kore shi daga ƙasar. Ɗakin inji kuwa zafi ne da shi, Turawa ba sa leƙawa. Sai 'yan dako su sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rufe hanyar tukunya, ya yi alwala, ya buɗe, ya yi salla kan buhu bayan tarin kwal.

Ran nan Juma'a ce, sun yi yawa. Ina zaune ina jiran kwanona, Baffa na tsokanata. Abokin mahaifina ne, tsoho Bakatsine, har lokacin bawan mai siton ne.

"Malamar Turawa, yau kuma me uwarki ta ƙona mana?"

"Baffa, kai da ba haƙori, ko ya ƙone ko bai ƙone ba ai haɗiya za ka yi."

"Ji mara kunya! Wanda ya aure ki ya shiga uku."

Yana cikin dariya na ji warin. Ba warin kwal ba ne, irin na tukunyar da aka manta kan murhu ne. Mahaifina ya sallame salla da sauri ya yo kan gilashin. Babu ruwa ko ɗigo. Wani ya rufe ya manta bai buɗe ba. Ban san ko wane ne ba, ban kuma taɓa nema ba.

Mahaifina ya fizgi dogon ƙarfensa ya fara janyo garwashi waje. "Kowa ya fita! Kar wanda ya taɓa bututun nan!"

Baffa ya riƙe masa hannu. "In inji ya tsaya wakilin sito zai sauko. Dubi ƙasa. Dubi ƙafafun mutane, duk jiƙe da ruwan alwala."

"Ya sauko mana! Ƙarfe ya yi ja, ka sakar masa ruwan sanyi? Sai ya huce da kansa, Yaya."

"Kai kana da takardar 'yanci. Mu fa?"

Mahaifina ya ture shi ya ci gaba da janyo wuta. Ni ce na ga Baffa ya zagaya baya ya ɗora hannu kan abin buɗewa. Na yi ihu, ya riga ya murɗa.

Ƙarar ba ta daɗe ba. Gefen tukunyar ya tsage, ɗakin ya zama fari fat. Da tururin ya lafa, Baffa na kwance, fatar fuskarsa da ƙirjinsa ta saɓule kamar an yi wa kaza wanka da tafasasshen ruwa. Hannun mahaifina na dama ya kumbura har gwiwa. 'Yan dako sun kwashe buhunansu sun watse ta ƙofar baya.

Mahaifina ya ce da ni, "Ruga wajen matar can mai rumfa, karɓo giyar rake."

"Baba, giya?"

"Ruga na ce!"

Na kawo. Mutumin da ko ƙofar masu sayar da ita ba ya bi, ya kwarara ta a rigarsa, ya kurkure baki da ita, ya jefar da kwalbar inda za a gani. Da wakilin ya shigo yana zage-zage, mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce sha ya yi, barci ya kwashe shi, ruwa ya ƙare bai sani ba. Wakilin ya shinshina shi, ya kwaɗa masa mari. Ba wanda ya tambayi jiƙar ƙasa, don komai ya jiƙe.

Baffa bai kai la'asar ba. Mahaifina ya yi zaman kurkuku, ya fito ba aiki, hannu a shanye, ya koma dako da ka. 'Yan sanda ba su je gidan kowa ba.

A unguwarmu kuwa sunan mashayi ya bi shi. Dattawan da yake ja wa salla a ɓoye suka daina zuwa ɗakinmu. 'Yan dakon da suka san gaskiya suka yi gum, don faɗa wa mutum ɗaya faɗa wa gari ne. Na ce zan je in gaya wa dattawan nan da bakina, in ga ƙarshen tsarkinsu. Ya ce in na buɗe baki bai yafe mini ba.

Ban buɗe ba sai da ya rasu. Ko a lokacin, wasu cewa suka yi 'ya ce ke wanke ubanta.