Cindon Inna Tsahara

Ranar wata Talata ce cikin kakar 1941, shekarar da aka kwashi samarin garinmu zuwa soja. Muna zaune mu shida a inuwar wata aduwa a bakin masussuka, gabas da ƙauyenmu na ƙasar Garhanga. An jibge dammunan gero ana jiran yaɓen rumbuna ya bushe, mu ƴan mata aka ba tsaronsu saboda awaki da zabi. Shekaruna tara. Kowace da mazarinta da ƴar audugarta a cinya, muna koyon kaɗi. Manya sun hana tatsuniya da rana, sukan ce mai yin ta ɓacewa zai yi a daji, amma mu mukan yi abinmu ƙasa-ƙasa. Kuluwa, babbarmu, ita ta kafa doka: wadda duk ta kawo tatsuniyar da aka taɓa ji, za ta sha ranƙwashi daga hannun kowa, kuma ita za ta yi ta korar awaki har la'asar.

Dokar nan ta fi cin kaina. Dukkanmu a bakin tsofaffi ɗaya muka ji abin da muka sani, to ina zan samo sabo? Na gwada dabaru iri-iri. Nakan mai da kura zaki, in mai da ɗiyar sarki ɗiyar maƙeri, ko in ɗauko kan wannan labari in liƙa masa wutsiyar wancan. Kafin in kai tsakiya Kuluwa za ta ɗaga hannu ta ce, "Wagga mun san ta, zane ɗai kika sake mata." Kwana uku a jere ina shan ranƙwashi, tsakiyar kaina har ta yi tsami.

A ranar, da layi ya zo kaina, na buɗe baki babu komai a ciki. Ina rarraba ido sai na hangi Inna Tsahara tana gangarowa daga kan dutse da ƙullin itace, baƙar akuyarta na bin ta a baya. Tsohuwa ce mai daddawa, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, bukkarta ce ta ƙarshe a hanyar rijiya. Tana da cindo a hannun hagu. Ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, har ƙanzo takan ba ni in an aike ni wurinta. Amma da na ga hannun nan riƙe da itace, sai magana ta ɓalle mini. Na ce wata tsohuwa ce mai yatsa shida, da na shidan take lakato kurwar yara ta jefa cikin tukunya, shi ya sa daddawarta ta fi ta kowa daɗi, akuyarta kuwa ita ke shinshino mata gidan da za ta shiga. Ban ambaci suna ba. Mazarai suka tsaya cik. Babu wadda ta ranƙwashe ni, na koma gida ina jin kaina a sama.

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kwantar da Ɗanladi, ƙanen Kuluwa mai shekara uku. Jikinsa ya riƙa sanƙarewa, idanunsa na juyewa. Kuluwa ta tsorata ta faɗa wa uwarta abin da ta ji a bakina. Kafin maganar ta ƙetare zana uku ta daina zama tatsuniya, ta koma "Dije ta gani da idonta," wato ni. A bakin rijiya na fara jin ta, mata na faɗin ta suna kallona. Igiyar guga ta kuɓuce mini. In na faɗi gaskiya, na san bulalar babana. In na yi shiru, ban san abin da za a yi wa tsohuwar ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni kaina na fara shakka. Ko dai gaskiya ce ta fito ta bakina? Warin daddawa a miya ya riƙa tayar mini da tsigar jiki, kukan kowace akuya sai in ji kamar ni take nema.

Da hantsin Litinin aka yi ihu. An jawo Inna Tsahara zuwa ƙofar maigari, kallabinta ya faɗi, an fasa mata tukwane a hanya. Aka shimfiɗe Ɗanladi a tabarma, aka ce ta tsallaka shi sau uku ta mayar masa da kurwarsa. Ta ƙi, don tsallakawar amsa laifi ce. Uban yaron na riƙe da gora, wani daga baya yana cewa a cinna wa bukkarta wuta. Liman na ba da haƙuri, babu mai sauraro. Sai maigari ya ce a kawo yarinyar da ta gani. Babana ya jawo ni a wuyan hannu, ya tsayar da ni a tsakiyar fili.

"Ɗiyata, mi kika gani?" in ji maigari.

Na dubi tsohuwar. Ta ɓoye hannun hagunta a cikin zane kamar wadda ta yi sata. Wannan ɓoyon ne ya karya ni. Na fashe da kuka na ce, "Ban ga komi ba, Baba. Tatsuniya ce, ni na ƙaga ta don kada a ranƙwashe ni."

Wata mata ta ce mayyar ta kama mini harshe, fili ya sake hargitsewa, na ɗauka shi ke nan. Allah ya taimaka, sai Azumi, ƙaramar cikinmu masu tsaron gero, ta ce ai ran nan da "ga ta nan" na fara, kowa ya amsa mini. Liman ya riƙe wannan magana, ya kira sauran ƴan matan ɗaya bayan ɗaya, suka faɗi haka. Gorar ta sauka, mutane suka watse suna gunaguni. A gida na sha tsumagiyar kalgo har sai da kakata ta shiga tsakani.

Ɗanladi ya warke bayan mako guda. Amma daddawar Inna Tsahara ba ta sake shiga tukunyar kowa ba. Mata sukan kauce mata a hanya, su ja ƴaƴansu gefe. Da aka gama cika rumbuna ta ɗaure kayanta za ta koma wurin ƙanenta wajen Galma. Innata ta aike ni da ƙwaryar gero in nemi gafara. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Ta karɓa, sannan ta ce, "Na yahe miki. Amma in za ki sake ƙaga magana, ki ƙaga wa dutsi, shi ba ya da maƙwabta."

Na yi wata biyu ban yi tatsuniya ba. Kakata ce ta maido ni. Muna daka ko muna hanyar itace sai ta nuna fasasshen turmi, ko tsohon guga, ko tururuwa ɗauke da ƙwayar dawa, ta ce, "Wanga, mi yake tsoro? Wa ya ɓata mishi rai?" In na ba da amsa mai sauƙi ta ce in sake, sai ta uku take karɓa. A nan na gane sabon labari ba ya nisa, tambayar da ba a taɓa yi wa abu ba ce ke fito da shi, kuma bai kamata ya hau wuyan mai rai ba.

Yanzu jikokina ba sa wahalar neman labari, akwatin rediyo da talabijin na zuba musu fiye da abin da za su iya riƙewa, kuma babu wanda zai ɗauki gora don maganar yarinya. Na gode Allah da haka. Duk da haka nakan yi kewar zamanin da magana ke da nauyi har ta tsayar da numfashin mai sauraro, ko da yake na san wadda ta ɗauki nauyin tawa. Har yau ban san inda kabarinta yake ba.