Ranar da Rabi Ta Ambaci Ɗan Farinta

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ta watan Sha'aban ba, ana saura kaɗan in ajiye aiki. Tun da ku da kuka gaje mu kun matsa in rubuta muku wani abu daga abin da na gani a aikin ilimin manya, labarin wannan rana na zaɓa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ba ɗan boko ba ne tun asali. Allo na fara riƙewa, na yi littattafai a zauren mahaifina, kuma da ajami na fara rubutu. Da gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci ina ɗalibi. Daga nan Allah Ya buɗe hanya na yi kwalejin horon malamai, na dawo ina koyarwa a irin ajin da ya koyar da ni. Daga baya aka ɗaga ni zuwa mai duba azuzuwa, wato wanda ke zagaya ƙauyuka ya ga ko malamai na zuwa, ko ɗalibai na fahimta. Da hanyoyi suka ɓaci saboda 'yan bindiga, zagayen ya ragu, yawancin aikina ya koma cikin garin Batsari.

A wannan lokacin ne shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Ya ce wata ƙungiyar agaji za ta ɗauki mutanen gari aiki. Aikin shi ne su riƙa zama da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, su saurari damuwarsu, wanda abin ya yi wa yawa kuma su haɗa shi da asibiti. Sai dai horon da Turanci za a yi shi, kuma da Turanci za su riƙa ba jami'ar ƙungiyar bayani.

"Malam Isiyaku," in ji shi, "ba nahawu nake so ka koya masu ba. Duk sun yi sakandare. Bakinsu ne ya yi nauyi. Ka sa su magana kawai."

Aka ba mu aji ɗaya a wata firamare. Mukan fara bayan azahar, mu tashi da la'asar, don masu zuwa daga wajen Wagini su koma gida da sauran rana. Maza a dama, mata a hagu. Na lura idan na ce a yi hira a kan gwamnati ko tarihi, sai kowa ya zuba mini ido. Sai na sauya dabara. Kowace rana nakan kawo tambaya ɗaya a kan halin ɗan Adam na yau da kullum, kowa ya ba da abin da ya taɓa faruwa da shi, amma da Turanci. Me ya sa mutum ke ɗauko fushin kasuwa ya sauke a gida? Me ya sa sunan wanda ka sani sarai ke ɓace maka daidai lokacin da ya miƙo maka hannu? Me ya sa ƙamshin ruwan farko ke tuna wa babba ƙuruciyarsa? Kalmar da ta yi wuya in rubuta ta a allo, in sa lafazinta da ajami a ƙarƙashi, domin da yawansu idonsu ya fi sabawa da shi. Da mutum ya ga yana da labarin da yake son bayarwa, sai ya manta da tsoron kuskure.

Mutum biyu ne labarin nan ya shafa. Na farko Rabi, mace mai kimanin shekara arba'in, wadda ta gudo da iyalinta daga wani ƙauye kusa da Runka. Mijinta manomi ne da gona ta gagare shi zuwa, don haka gidan duka ido ya zuba wa wannan aiki. Na biyu Sani, ƙanin mijinta, ɗan acaɓa, wanda shi ke kawo ta aji a babur. Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta. Su kam sun kai shi maƙura.

Ranar da muka yi hirar fushi, Sani ya miƙe ya ce shi bai taɓa fushi ba a rayuwarsa. Rabi ta ce daga inda take, "Malam, a tambaye shi ranar da akuya ta cinye masa kujerar babur."

"Amaryata, da Turanci aka ce," in ji Sani. "In kin isa ki faɗi akuya da Turanci."

Ta faɗa. Ta ƙara da kujera, ta ƙara da yadda ya bi akuyar da takalmi ɗaya har bakin masallaci, duk da Turanci, aji na ta dariya. Daga ranar na san Rabi na cikin waɗanda ba ni da shakka a kansu.

Da muka yi nisa, jami'ar ƙungiyar ta zo ganin aji. Sunanta Madam Ngozi, mutuniyar kudu, mai fara'a da son aikinta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ta ce za ta ɗan taɓa hira da kowa. Don ta kwantar wa mutane da hankali, takan fara da tambaya mafi sauƙi a ganinta, wato ta iyali. Da ta zo kan Rabi, ta tambaye ta ko tana da 'ya'ya. Rabi ta ce tana da su. Sai Madam ta ce, "Ɗanki na fari, yaya sunansa? Ba ni labarinsa."

Rabi ta sunkuyar da kai. Madam ta maimaita a hankali, kalma bayan kalma. Rabi ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Sani, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya kafa wa allo ido. Madam ta jira, ta yi murmushi, ta wuce ga na gaba.

Bayan an tashi ta same ni a baranda. Ta ce matar nan ba ta gane tambayar da ake yi wa ɗan aji ɗaya ba, tana ganin ba za ta iya horon ba. Na yi mata bayani cewa a wajenmu, musamman a ƙauye, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, sau da yawa ma kakarsa ke riƙonsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ana ganin mutuncin mace a kanta. Na ƙara mata da abin da Sani ya taɓa gaya mini: ɗan farin Rabi saurayi ne, an harbe shi har lahira a gona a daminar da suka gudo.

Madam ta ce ta yi nadamar tambayar. "Amma Malam," in ji ta, "ni ban ji Turancinta da kunnena ba, kuma ba zan ɗauki wanda ban ji ba. Laraba mai zuwa zan dawo. Kowa ya zaɓi abin da zai yi magana a kai. Ita ma ta zaɓi abin da ba zai taɓa ta ba." Na ga ta yi adalci.

Washegari na tsayar da Rabi bayan aji, Sani na jiranta a gindin dalbejiya. Na ce ta ba da labarin akuya, ai ta iya shi, kuma Madam za ta yi dariya.

Ta ce, "To, Malam." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Allah gafarta Malam, in tambaye ka. In mace ta ambaci sunan wanga yaro, ta yi laifi?"

Na ce a addini babu laifi ko kaɗan. Al'ada ce, al'ada kuma tana da nauyinta, amma ba zunubi ba ne.

"Na san ba zunubi ba ne," in ji ta. "Bakina ne ba ya iyawa. Ranar da aka kawo shi, mata na ta cewa ku dubi Rabi, ko hawaye babu, wannan ita ce mai kunya. Ni kuwa..." Ba ta ƙarasa ba. Can ta ce, "Amma na lura da wani abu a ajin nan. In ina Turanci, sai in ji kamar wata ce ke magana, ni ina gefe ina saurare."

Ban ƙara ba ta shawara ba, domin ban san wadda zan ba ta ba. Na ce Allah Ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. A raina kuwa ina tsoro. Idan ta ɗauko abin da ya fi ƙarfinta ta kasa ƙarasawa, shiru na biyu ke nan a gaban Madam, aikin kuma ya tafi.

Laraba ta zo. Sani ya yi bayani a kan dalilin da ke sa fasinja ya fi jin tsoro a bayan babur fiye da mai tuƙi, ya sha tafi. Wasu suka biyo baya. Da aka kira Rabi, ta miƙe ta ce za ta yi magana a kan abin da ke sa hannun mutum ya ci gaba da yin abin da ya saba, ko da dalilin yin sa ya wuce. Mun taɓa wannan hira a aji, a kan masu laluben agogon da suka daina ɗaurawa.

Sani ya fi ni saurin ganewa. Ya miƙe yana lalube a aljihu. "Malam, bari in duba babur, kamar na bar makulli a jiki." Makullin kuwa yana hannunsa. So yake ya ba ta wuri, kada ta yi maganar a gaban dangin miji.

Rabi ta ce masa da Hausa, ba tare da ta dube shi ba, "Zauna, Sani. Ai kai ka ɗauko shi daga gona."

Ya zauna.

Zan juya muku abin da ta faɗa zuwa Hausa, iya abin da na riƙe. Ta ce kullum in ta kwashe tuwo, takan kankare ƙanzon tukunya ta ajiye a wani ɗan kwano. Ta ce akwai wani yaro da ke son ƙanzo tun yana ƙarami. A ɗakin kakarsa ya tashi, ƙofa na kallon ƙofa. Ba ta taɓa miƙa masa kwanon da hannunta ba. Takan ba ƙanwarsa ta ce, kai wa mutumin ɗakin Inna, kada ki ce daga ina. Shi ma bai taɓa tambaya ba, amma kullum kwanon kan dawo a wanke, a kife a bakin ƙofarta. Ta ce safiyar da ya tafi gona ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu, kamar yadda aka koya mata. Ta ce har yau in ta sauke tukunya sai ta ga ta riga ta kankare ƙanzon ta zuba a kwano kafin ta tuna. Kanta ya san abin da ya faru, hannunta ne bai sani ba.

Turancin bai fita sumul ba. Ta yi tuntuɓe a wurare, sau ɗaya ma ta nemi kalmar ƙanzo ta rasa, ta dube ni, ni ma ban da ita, sai ta kwatanta da hannu, Madam ta gyaɗa kai ta ce su ma suna da shi a gida. Amma ba ta tsaya ba. A ƙarshe ta fuskanci Madam ta ce, "Ran nan kin yi mini tambaya ban amsa ba. Shi ne ɗana na fari." Sai ta faɗi sunansa, sau ɗaya, a fili, ta zauna.

Babu wanda ya tafa. Wata dattijuwa da ke kusa da ita ta kama hannunta ta riƙe. Sani ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Ni na ce Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, aji ya amsa da amin, Madam ma ta amsa tare da mu. Muka ji kiran la'asar, na sallami kowa.

A waje na ji Sani na tayar da babur yana ce wa Rabi, "Hau mu tafi, Baturiya." Ta ce, "Ka dai tuƙa a hankali, mai takalmi ɗaya."

An ɗauki Rabi, an ɗauki Sani ma. Madam kuma ta roƙe ni in zauna da ita in faɗa mata sauran tambayoyin da ba a fara hira da su a ƙasarmu, muka yi yini guda a kai. Bayan na ajiye aiki na haɗu da Rabi a bakin asibiti. Na tambaye ta aiki. Ta ce alhamdu lillahi. Ta ce in ta zauna da matar da ta lissafa mata 'ya'yanta, takan jira a gama, sannan ta tambaya a hankali, "Na wajen kaka fa?" Ta ce yawanci daga nan ake fara maganar gaskiya. Na ce ƙanzo fa? Ta yi ɗan murmushi ta ce har yanzu tana kankarewa, sai dai yanzu tana sane take yi, ta ba yaran maƙwabta sadaka.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu aji a hannu yanzu, shi ne babban mutum ba ya zuwa gabanku da kai kaɗai. Yana zuwa da gidansu, da tarbiyyarsa, da mamatansa. In ya yi shiru, kada ku yi saurin cewa bai gane ba, ku fara tambayar kanku me kuka tambaye shi. Kuma kada ku tura kowa ya buɗe abin da ya rufe. Ni labarin akuya na ba Rabi shawara, kuma da shi ta bayar, da ba ta yi laifi ba. Ita ta zaɓi lokacinta da harshen da za ta iya. Na yi shekara da shekaru ina ɗaukar Turanci a matsayin abin neman aiki da cike takarda. Sai a ƙarshen aikina na ga ya yi wa wata baiwar Allah amfanin da ban taɓa zato ba.

Wataƙila kun lura ban rubuta sunan yaron ba. Ina sane da shi, ina kuma sa shi a addu'a. Amma uwarsa da Turanci ta faɗe shi, ni kuwa da Hausa nake muku wannan rubutu, don haka na bar mata shi.