A Bar Ta

Tamale zuwa Salaga

Ƙarfe huɗu da rabi na asubar Litinin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya sauke ni a tasha. Kamfaninmu yana da wani mataimaki na na'ura da muke kira Ɗan Aike: ka buga waya, ka yi masa Hausa, ya samo maka mota. Kayan aikinsa uku ne, na kama mota, na canza rana da na sokewa. Ba ya ganin cikinsu, ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne yake karantawa ya zaɓa, kamar mai duba rubutun kwalbar magani. Ni na rubuta bayanan.

Ƙorafi ya yi yawa cewa yana soke mota ba a sa shi ba. Shugabata ta ce in zagaya in auna bayanan a bakin mutane, in kawo rahoto ran Juma'a. Idan laifin rubutun ne, kujerata ce a kan siraɗi. Ba zan ɓoye ba, fatana ya zama laifin gurguwar Hausar masu kira ne.

Mun wuce shingen 'yan sanda biyu, muka shiga Salaga ƙarfe tara saura. Alhaji Ɗanlami, jikan fataken goro, yanzu dillalin doya, ya kira Ɗan Aike a gabana ya nemi motar ƙwarya shida. Ɗan Aike ya gane doya ɗari shida ake nufi, ya kama babbar mota.

"Yaron naka yana da kai," in ji Alhaji.

Na ci tuwo da miyar ayoyo, na kwana a ɗakin baƙinsa raina fes.

Yendi

Talata muka bi ta Bimbila, awa huɗu ana girgiza mu. A kasuwar hatsi na sami Mma Sanatu, wadda aka soke wa mota sau biyu. Na sa ta sake kira. Ɗan Aike ya tambaye ta ko za a canza ranar motar.

"A'a, bar shi," ta ce.

Nan take ya soke. Ta miƙo mini wayar. "Ka gani? Mota ya tafi kuma!"

Na rubuta a littafina cewa ta ce "shi" maimakon "ta", shi ya ruɗa na'ura. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma na rubuta.

Bawku

Laraba ƙarfe biyar muka tashi ta Gushegu da Nakpanduri. Daga Garu sojoji suka sauke mu sau uku. Direba ya ce in gama harkata da wuri saboda dokar hana fita. Bayan la'asar na isa gidan Malam Isufu, mai sayar da tumaki, wanda shi ma aka soke wa mota. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, ashe ranar sadakar bakwai ɗin mahaifiyarsa ce.

Na yi ta'aziyya, na so in juya. Ya ce in zauna. Hausarsa tsaf, ba inda za ka kama.

"Mota na kama wa Inna zuwa asibiti a Tamale, duk wata muke zuwa. Da yamma Ɗan Aike ya kira ya ce ko za a canza rana. Na ce a'a, a bar ta. Da asuba muka fito da Inna, muka zaunar da ita a kan benci. Har hantsi ba mota."

Na buɗe kwamfuta a kan gwiwata, na nemo bayanin sokewa. Ga rubutuna: "A yi amfani da wannan idan mai kira ya fasa, ko ya bar motar." Layi ɗaya. Ban faɗi lokacin da ba za a taɓa shi ba, ban sa a sake tambayar mutum ba. Kowane Bahaushe ya san "a bar ta" na nufin kada a taɓa. Na sani tun ina goye, amma da na zo rubutu sai na manta.

"Kwananta ne ya ƙare, ban ɗora wa kowa ba," ya ce. "Amma wa ya koya masa Hausa?"

"Ni ne, Malam."

Sai ya turo mini kwanon masar sadaka. "Ci, ka sha hanya."

Na sa hannu na ci masar nan.

Komawa

Alhamis na biyo ta Bolga, na shiga Tamale ƙarfe uku. Ban nufi gida ba sai da na tsaya ofis na sa aka dakatar da sokewar. Rahotona shafi ɗaya ne: bayani biyu sun ci, ɗaya ya faɗi, ga sunan wanda ya rubuta shi. Shugabata ta karanta ta ce sai an zauna a kaina.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa waɗanda suka sauke ni. Mai karatu, idan ka yi salla ka sa Inna a addu'a. Ban ma tambayi sunanta ba.