Gwaggo Mai Wayoyi Da Rabin Kitso

Kafin masu shara su gama da baranda, Gwaggo Mai Wayoyi ta iso ɗakinta na ƙarshen asibiti, ta rataye mayafi, ta hau warware wayoyinta tana yi musu faɗa kamar jikoki. Aikinta auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Ta tsaga gashin majiyyaci, ta shafa mai, ta lilliƙa wayoyi, na'ura ta zana, likita ya karanta. A aljihun rigarta kuwa kullum akwai mataji da tsinken kitso, don ta rantse ba macen da za ta tsefe wa kai ta bar ta ta tafi buzu-buzu.

Wannan makon take ritaya, kuma duk wanda ka tambaya game da ita, labarin Auta zai fara ba ka.

Shekarun baya ne, lokacin Auta budurwa ce mai ɗinki. Ta fara da mantuwa da surutai, sai jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda in ta lafa sai ta dawo, har aka kwantar da ita ba ta san wanda ke kanta ba. Likitoci suka gano garkuwar jikinta ce ta rikice, sojojin da ya kamata su yaƙi cuta suka juya kan ƙwaƙwalwarta. Aka fara maganin da zai lallashi garkuwar, aka ce sai an yi haƙuri, ba ya aiki rana ɗaya.

Haƙurin ne ya ƙare wa babanta. Wata safiya ya shigo ido jajir, ya ce wa matarsa, "Haɗa kaya. In tafiya ce, ta tafi a ɗakinki." Likita ya yi bayani har ya gaji, ya ce in an katse maganin nan za a iya rasa ta. Uban ko gezau.

Gwaggo tana bakin gado, ta cire wayoyi, ta kitse gefe guda ke nan. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban Auta, da rabin kitso za ka fita da budurwa? Haba! Ni na tsefe kan nan, ni zan mayar. Bari in gama."

"Yaushe za ki gama?"

"Ka taɓa yin kitso?"

Bawan Allah ya koma kan benci ya zauna.

To fa! Ba a taɓa ganin kitso mai nawa irin wannan ba. Yau ta kitsa layi, gobe ta ce ya karkace ta tsefe. Jibi lokacin awo ya yi, dole a mayar da wayoyi. Uwar ta gane, ta shiga ciki tsundum: "Gwaggo, wannan layin ma kamar bai miƙe ba." Shi ma uban ya sani sarai, dalilin zama yake nema, an kuma ba shi. Magani yana ta shiga, jijjigar tana ja da baya.

Wata hantsi Gwaggo ta kama gashin ƙeya ta ja. Sai ga wata 'yar murya a shaƙe: "Wash! Baiwar Allah, a hankali mana."

Uwar ta saki kofin da ke hannunta. Uban ya faɗo ɗakin takalmi ƙafa ɗaya, yana kuka yana dariya. Gwaggo kuwa ta goge ido da bayan hannu ta ce, "Ji min yarinya! Daga farkawa sai tsiwa."

Gwaggo, ke ce mai tsefewa ki mayar. Likitoci sun yi nasu, Allah ya saka musu, amma ke kika tsare ƙofa da mataji har magani ya samu lokacin yin aiki. Mun gode, mun gode. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi wayoyin, ku kuma koyi kallon mutumin da aka liƙa wa su.

Jiya ana tsakiyar walimar sallama sai ga Auta da goyo a baya. Ta ja kujera, ta zaunar da Gwaggo, ta zame mata ɗankwali, furfura ta bayyana.

"'Yar nan, mutane na jira. Yaushe za ki gama?"

Auta ta zaro mataji daga aljihun Gwaggo ta ce, "Gyara zama, Gwaggo. Ba yau ba."