Rubutun Likita Sai Mai Kemis

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar matata, Dokta Hadiza, likitar yara. Allah ya jiƙanta. Na ƙare ƙuruciyata ina rubuta wasiƙun gwamnati, amma sai yau na iya zama in rubuta wani abu a kanta.

A asibiti an san ta da farar riga. Yaran unguwar Karmo kuwa Maman Tatsuniya suke ce mata. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata takan je can duba yara kyauta, kuma ba ta buɗe jakar allura sai an gama wasan kwaikwayon da ta rubuta. Cewa take yaron da ya yi dariya ba ya ƙanƙame hannu. Littattafan yara huɗu ta fitar. Wasanni kuwa ban san adadinsu ba, don ban taɓa tsayawa na kalli ko ɗaya ba. Sauke ta nake yi in wuce.

Gaskiya ɗaya ce, raina abin na yi. A mota take rubutu, littafi a cinya, ina tuƙa ta daga gidanmu na Gwarinpa zuwa asibiti cikin cunkoson safe. Ni kuma in yi ta mita: likita sukutum, marasa lafiya na jira, kin zauna kina sa kunkuru magana. Sai dai ta kalle ni ta saman gilashi, ta sunkuya ta ƙara wani layi. Na manta an ce shiru ma magana ce.

Da ta rasu, ta bar littafi mai koren bango, wasanta na ƙarshe, ba ta kai ga buga shi ba. Rubutun likita ne, ga kuma gargadar hanya ta saka hannu. Ni da 'yarmu Amira muka yi iyakar yinmu, ko layi uku ba mu haɗa ba. Na jefa shi a durowa, ina cewa sai wata rana. Bara da damina rufi ya yi yoyo, ruwa ya taɓa gefen littafin, tawada ta fara narkewa. Ranar na ji tsoro. In ya tafi, maganarta ta ƙarshe ta tafi ban ji ba, kuma laifina ne.

Amira ce ta tuna da Rifkatu, 'yar Filato, wadda ta daɗe tana ba da magani a asibitinsu kafin ta buɗe kemis ɗinta a unguwar Gudu. Kullum takardun maganin da Hadiza ke rubutawa a hannunta suke sauka.

Rifkatu ta buɗe littafin, ta ɗan nisanta shi da ido. Ta ce, "Oga, wannan ai ba wahala. Hannun Madam ne, na san shi ya fi nawa. Zauna."

Mako uku ina zuwa da hantsi, in zauna kan benci. Ta sallami mai sayen maganin tari, ta dawo ta karanta, ni ina kwafewa. Labarin zomo ne da ya daina shan magani don ya ji sauƙi, da kuma wani kunkuru direba, Malam Mita, wanda yake ƙorafi tun daga gida har asibiti, amma bai taɓa ƙin kai kowa ba. Ina jin maganganunsa kunya na kama ni, domin nawa ne, ko wasali ba ta sauya ba.

A shafin ƙarshe Rifkatu ta yi dariya. Ta nuna mini wani ƙaramin rubutu a gefe, ta karanta: "Kunkuru, Baban Amira zai yi. Ba ya buƙatar koyo. A dai lallaɓa shi."

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau, inda uwa za ta bar maganar likita ta bi saƙon murya da aka turo mata a waya, yara kuma ido na kan allon waya ko abinci suke ci. Ba na jin za ta yi faɗa. Ina jin sunkuyawa za ta yi ta ƙara wani layi, ta nemi yadda zomonta zai shiga wayar shi ma.

Yaran da ta yi wa magani sun girma, da yawa ba su san sunanta ba. Littattafan nata ma ba kowane shago ake samu ba. Abin da ya rage mata, a ganina, shi ne dabarar nan ta sa yaro dariya kafin a taɓa shi, kuma abokan aikinta ba su bar dabarar ta mutu ba, har yau suna zuwa Karmo.

Asabar ɗin da ta wuce na kai musu wasan can Karmo. Aka ɗaura mini kwando a baya a matsayin ƙoƙon kunkuru, ni da furfurata, na yi mitata yadda na saba. Da aka gama, wata yarinya ta miƙa hannu aka yi mata allura tana kallona tana dariya. Na yi kewar Hadiza har na kasa cire kwandon. Ban tafi ba sai da aka duba yaro na ƙarshe.