Fangalin Kakana

Wata Alhamis ce, a ranin da na shiga aji uku na ƙaramar sakandare, ana tsakiyar ɗiban tumatir. Na kai wa kakana, Malam Tanimu, fura a gonarsa da ke bakin kanal ɗin ƙauyenmu a ƙasar Bunkure, na iske shi tsugune a gindin mangwaro shi kaɗai, yana zane a ƙasa da tsinke yana sharewa. Na san zanen sarai. Fangali ne shida a tsaye, shida a kwance, irin waɗanda ake yi wa albasa. Ruwa zai shiga ta fangalin kusurwar gabas, ya bi kowanne sau ɗaya tak, ba tsallake ba karkace, ya fita ta kusurwar yamma da ke can ɗaya ƙuryar. Duk yaron da ya taɓa korar tsuntsu ko ɗaukar kwando a gonar nan ya sha wuya a kan wannan wasa, tsohon kuwa sai dai ya yi ta dariya yana cewa, "Amsar tana aljihuna, sai kun gaji tukuna."

Ni da yake jika ce, ba na raga masa. Na ce angon nawa, wanda amsa ke aljihunsa me ya kai shi share-share? Bai rama ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce mahaifinsa ne ya ba shi wasan tun zamanin da ake ban ruwa da jigo, ya ce masa mai kai ne kawai ke fitar da ruwan, ya kuma rasu bai nuna masa ba. Ga furfura ta cika masa kai, har yau yana ganin shi ne ɗan da bai yi kai ba. Tausayinsa ya kama ni, na koma gida jikina a sanyaye.

A makarantarmu akwai tsofaffin kwamfutoci da ba sa tashi sai an tada janareto. Malam Sabi'u, mai koya mana, ya fara nuna wa masu naci yadda ake rubuta wa na'urar umarni, ni kuma naci ne kaɗai jarina. Kusan duk zangon na kwashe, bayan wanke-wanke da tsinkar tumatir ɗin shanya, ina koyon yadda zan ce mata ta bi hanyar ruwa a fangalin kakana, in ta toshe ta ja da baya ta gwada wata. Ranar da abin ya yi aiki, ta bi hanyoyin kaf ta ce babu. Na ɗauka ni na yi kuskure, sai malam ya sa na rage layin fangali ɗaya, nan take ta zano hanyoyi rututu. Wato laifin ba nawa ba ne, shida-shida ɗin ce ba ta da mafita.

Na sami kakana bayan la'asar na faɗa masa. Ya ce, "Duka ta bi, amarya? Ba ta bar ko ɗaya ba?" Na ce ko ɗaya. Ya kalli ruwan kanal, sai ya fashe da dariya har da hawaye. "Allah ya jiƙan Baba. Ashe zaunar da ni yake yi don kada in tattaka masa albasa."

Yanzu da wannan sana'ar nake ci a Kano, wayar hannuna ma za ta gama lissafin nan kafin in ajiye kofi. In na je gida, yara na gindin mangwaron, kowa ya duƙufa a kan waya, ƙasar a share tas. Kakana ya rasu, amma har ƙarshen ransa bai daina ba yara wasan ba. Abu ɗaya kawai ya daina: zama shi kaɗai da tsinke.