Gonar da Siu-ngo Ta Noma

Hau Siu-ngo ba ta taɓa aure ba, kuma ba don ta rasa manema ba. Ita kaɗai tsoho Hau ya haifa, gonar ganyensu da ke bayan garin Sheung Shui a Hong Kong kuwa ba za ta noma kanta ba. Tun tana budurwa take saɓa bokiti biyu a sanda tana ban ruwa, har kafaɗarta ta yi kanta, dugaduganta suka tsattsage.

Sai aka shiga maganar Ingila za ta mayar wa ƙasar Sin Hong Kong. A yankin nan duk ƙasa ta gwamnati ce, haya kowa yake zaune, kuma wa'adin hayar zai ƙare tare da mulkin Turawa. Manya suka zauna suka daidaita: a ƙara wa kowa shekara hamsin, amma da sabon kuɗin haya. 'Yan asalin ƙauye an yafe musu, muddin ƙasar tana bin jinin maza.

Siu-ngo ta tarar da uban yana shan shayi, ta ce, "Baba, ka mayar da gonar sunana tun kana da rai. Ni zan riƙa biyan kuɗin hayar."

Ya dangwarar da kofin. "Ƙasar kakannina zan bari gwamnati ta ci a kanta? Kwok-leung zai riƙe suna, ke ki riƙe fartanya. Ai ɗan ƙanena ne."

Shi Kwok-leung ɗin yana can Ingila yana suyar dankali, ko latas ma bai iya bambanta shi da ciyawa ba.

Tsoho ya rasu, al'ada ta miƙa wa ɗan ƙanen gonar. Ba a rufa shekara ba aka yi dokar da ta ba mata gadon ƙasa, amma ba ta waiwayi gadon da aka riga aka raba ba. Siu-ngo ta yi kukan wannan fiye da kukan mutuwar, kuma ba ta ji kunyar faɗa ba.

Da lokacin sharar kaburburan iyaye na shekara-shekara ya zo, sai ga Kwok-leung da lemo a leda da ƙaton tumbi. Ya ƙona wa tsoho turare, sannan ya juyo. "Yaya, kin tsufa fa, ki huta haka nan. Na ba wani kamfani filin, kwantenonin kaya za su riƙa jibgewa."

"To su bari in cire latas ɗin da na dasa."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, latas? Ko a kanti akwai."

Da latas ɗin da komai aka malale siminti a kai. Kwok-leung dai ya yi mata ƙoƙari, shi da bakinsa yake faɗa wa dangi: ya sa baki kamfanin ya ɗauke ta aiki. Kullum da safe tana durƙushe tsakanin kwantenoni, duk abin da ya tsiro daga tsagar siminti ta tuge shi. Ƙasar kuwa mai kyau ce, ta sha taki a hannunta, don haka Siu-ngo ba ta taɓa rasa abin tugewa ba.